BASHI DA ƘARYA: ABIN DA KE HANA A DAMƘA WA MUTUM AMANA

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin malamanmu ya gabatar wa 'yan uwa manoman rani da matasa a garin Kura ta jihar Kano, inda jama'a suka hallara daga Bunkure, Kadawa, Garun Malam da ƙauyukan da ke kewaye. Mun rubuto muku shi kamar yadda ya fito daga bakinsa, sai ɗan gyaran da ba a rasa ba. A sha karatu lafiya.

Bayan godiya ga Allah (T) da salati ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (S) da iyalan gidansa tsarkaka da sahabbansa managarta, 'yan uwa Musulmi, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Abin da aka nemi mu tattauna a kai a wannan zama shi ne bashi da riƙon amana. Wato me ya sa idan za a ba mutum wani aiki mai nauyi, ko a gwamnati ne, ko a ƙungiya, ko a masallaci, sai a fara tambaya: ana bin sa bashi? Yana biya? Idan an tambaye shi yana faɗin gaskiya? Wani zai ce ina ruwan aljihuna da aikin da za a ba ni? To, insha Allahu za mu ga cewa da ruwansa.

BASHI HANJI NE

Farko dai mu fahimci juna. Cin bashi ba laifi ba ne. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Manzon Allah (S) da kansa ya ci bashi, har ya yi wafati sulkensa yana jingine a wajen wani Bayahude saboda sha'irin da ya karɓo wa iyalinsa. Ayar da ta fi kowace aya tsawo a cikin Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, ba a kan salla take ba, ba a kan azumi ba, a kan bashi take: a rubuta shi, a sa masa lokaci, a kafa shaidu. Da abin ƙyama ne da ba a tsara shi haka ba.

Ballantana mu nan. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka jawo ruwa zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, noma ya zama na shekara gaba ɗaya, kuma noman rani bai yiwuwa sai da jari. Iri kuɗi, taki kuɗi, maganin feshi kuɗi, tarakta kuɗi, 'yan ƙwadago kuɗi. Wane ne a nan bai taɓa karɓar taki a wajen ɗan kasuwa ba da sharaɗin zai biya da buhun shinkafa in an yi girbi? Wane ne bai san jinginar gona ba? Saboda haka ba masu cin bashi muka zo zargi ba. Abubuwa biyu muka zo magana a kai: mutum ya ƙi biya alhali yana da hali, da kuma mutum ya ɓoye, ya yi ƙarya a kan abin da ake bin sa.

Ya zo a ingantaccen hadisi cewa Manzon Allah (S) yana yawan neman tsarin Allah daga bashi a cikin sallarsa, har aka tambaye shi dalilin yawan neman tsarin nan. Amsar da ya bayar, ma'anarta ita ce: idan bashi ya danne mutum, sai ya fara ƙarya a zancensa, ya fara saɓa alkawari. Ku riƙe wannan da kyau, domin duk abin da za mu faɗa a kansa ya ginu. Bashi ba a aljihu yake tsayawa ba, yana hawa har harshe. Yau ka ce wa yaro ya ce ba ka nan. Gobe ka ce ba a biya ka kuɗin tumatir ba, alhali an biya ka tun a Kwanar Gafan. Jibi kuma ka saba. Wanda harshensa ya saba da wannan, ta yaya za a damƙa masa makulli?

YADDA HUKUMOMI KE TANTANCE MUTUM

Su kansu waɗanda ba su yi imani da Alƙur'ani ba, wuya ta koya masu wannan darasi. A Amurka, duk wanda za a ba shi aikin da zai riƙa ganin asiran gwamnati, soja ne ko farar hula, sai jami'an tsaro sun tantance shi. Zai cika wata doguwar takarda, ya faɗi inda ya zauna, da wa ya yi hulɗa, me ake bin sa. Ƙa'idojin da suke auna mutum da su guda 13 ne. Ɗaya a kan harkar kuɗi take, ɗaya kuma a kan halin mutum da gaskiyarsa. Kuma matsalar kuɗi ce kan gaba a dalilan da ke sa a hana mutane izinin nan.

Me ya tsorata su? Akwai wani jami'in hukumarsu ta leƙen asiri, CIA, mai suna Aldrich Ames. Rabuwa da matarsa ta farko da kashe kuɗi fiye da samu suka jefa shi cikin bashi. A watan Afrilun 1985 ya taka da ƙafarsa ya je ofishin jakadancin Tarayyar Sobiyet da ke Washinton, ya nemi Dala 50,000 a bakin asiri. Daga nan bai iya tsayawa ba. Ya yi ta miƙa sunayen mutanen da ke yi wa ƙasarsa aiki a ɓoye, aka kashe aƙalla goma daga cikinsu. Sai a watan Fabrairun 1994 aka kama shi, aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Ba aƙida ce ta juya shi ba, ba a sa masa bindiga a ka ba. Bashi ne ya buɗe ƙofa, mai saye ya shigo.

Amma ku lura da wani abu a tsarin nasu. Ba su ce duk mai bashi a kore shi ba. Suna duba dalili. Idan rasa aiki ne, ko rashin lafiya, ko wata musiba da ta fi ƙarfinsa, kuma ya je ya sami masu bin sa, ya tsara yadda zai biya, yana kuma biya, to ana iya ba shi izinin. Wanda ba sa ɗaga wa ƙafa shi ne wanda ya ɓoye bashin a takardar da gangan. Wannan ma laifi ne da zai iya kai mutum gidan yari har shekara biyar. Hujjarsu ita ce, wanda ya ɓoye abu to ya ba wani igiyar da zai ja shi da ita. Duk wanda ya gano asirin, ya mallake shi.

Mu dawo gida. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya hana wanda kotu ta tabbatar ya karye da bashi, kuma ba a wanke shi ba, tsayawa takarar majalisa ko gwamna ko shugaban ƙasa. Haka ya hana wanda ya miƙa wa hukumar zaɓe takardar shaida ta jabu. Ya kuma wajabta wa masu riƙe da muƙami su bayyana wa Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata dukiyarsu, har da basussukan da ake bin su. Wanda za a naɗa minista kuwa, jami'an tsaron farin kaya kan bincike shi. A watan Agustan 2023 Majalisar Dattawa ta amince da mutum 45 cikin 48 da shugaban ƙasa ya aika mata, ta ajiye uku, ta ce sai ta ga sakamakon binciken tsaro. Ka ga ashe takardar nan tana iya tsayar da babban mutum a bakin ƙofa.

Batun ƙarya kuwa, mu mutanen Kano ba sai an ba mu labari ba. A watan Yunin 1999 aka zaɓi ɗanmu, Salisu Buhari, Kakakin Majalisar Wakilai, mutum na huɗu a ƙasar nan. Ba a yi wata biyu ba wata mujalla ta tono cewa ya ƙara wa kansa shekaru, kuma digirin da ya ce ya samu a Jami'ar Toronto ta Kanada babu shi. A watan Yuli ya sauka, kotu ta same shi da laifi, daga baya Shugaba Obasanjo ya yi masa afuwa. Ba don cin fuska muka kawo wannan ba, Allah Ya rufa mana asiri baki ɗaya. Abin dubawa shi ne, rashin digiri ba zai hana shi shiga majalisa ba, don doka ba ta ce sai mai digiri ba. Shekarun da suka rage masa ya cika sharaɗi kuwa, da ya yi haƙuri da sun zo da kansu. Abin da aka ɓoye bai kai ɓoyewar illa ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

MUSULUNCI YA RIGA SU

'Yan uwa, kada wani ya ɗauka wannan wayewar Turawa ce. Lokacin da ɗiyar dattijon Madyana ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauki Annabi Musa (AS) aiki, siffofi biyu ta ambata: ƙarfi da amana. Lokacin da Annabi Yusuf (AS) ya nemi a ɗora shi a kan rumbunan Masar, siffofi biyu ya ambata: tsarewa da sani. Alƙalan Musulunci ba sa karɓar shaidar mutum sai an je unguwarsu an tambayi halinsa. Malaman hadisi kuwa, idan an kama mutum da ƙarya a ruwaya, sun ajiye shi ke nan.

A nan Kano, fiye da shekaru 500 da suka wuce, Shehu Magili ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha a kan mulki. Daga cikin abin da ya hore shi da shi akwai ya ƙididdige dukiyar hakimansa tun kafin ya naɗa su, ya kuma riƙa sa masu ido bayan naɗin. Imam Ali (AS) ma, a wasiƙarsa ga Malikul Ashtar lokacin da ya tura shi Masar, ya umurce shi ya jarraba ma'aikata kafin ya naɗa su, ya wadata su da albashi don kada su sami hujjar taɓa amana, sannan ya sa amintattu su riƙa bibiyar aikinsu.

Ku tuna ƙissar Ka'abu bin Malik (RA). A shekara ta 9 bayan Hijira bai fita yaƙin Tabuka ba, kuma ba shi da uzuri. Da Manzon Allah (S) ya dawo, mutum tamanin da wani abu suka zo suka yi ta rantsuwa da uzurorin ƙarya, aka ƙyale su da zahirinsu. Ka'abu da 'yan uwansa biyu suka faɗi gaskiya. Aka ƙaurace masu kwana 50, ko sallamarsu ba a amsawa. To a tsakiyar wannan ƙunci ne wasiƙa ta zo masa daga Sarkin Gassan, yana ce masa ya ji an wulaƙanta shi, ya taho a karrama shi. Kun gani? Maƙiyi ba ya neman wanda ke cikin walwala, wanda ke cikin matsi yake nema. Ka'abu ya jefa wasiƙar a tanderu. Daga baya Allah (T) Ya saukar da karɓar tubansu a Suratut Tauba, muna karantawa har yau. Shi da Ames duk an ƙwanƙwasa masu ƙofa ɗaya. Bambancin shi ne, ɗaya ba shi da abin ɓoyewa, ɗayan kuwa rayuwarsa duka ɓoye-ɓoye ce.

MU DUBA GONAKINMU

Wani zai ce, Malam, mu manoma ne, wane asirin gwamnati za a ba mu? To ai amana ba a Abuja kaɗai take ba. Mai buɗe ƙofar ruwa da rufe ta amana ce a hannunsa. Ma'ajin ƙungiyar masu amfani da ruwa, irin waɗanda aka ƙarfafa a ƙarƙashin shirin gyaran hanyoyin ruwa da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, amana ce a hannunsa. Mai rubuta sunayen waɗanda za a ba taki, uwar adashi, mai tara kuɗin ginin masallaci, duk masu amana ne. Ka ɗauki mutumin da wani babban manomi ke bin sa kuɗin buhu talatin, ka ba shi makullin ƙofar ruwa. Ranar da ruwa ya yi ƙaranci, gonar wa zai fara shayarwa? Talakan da ke can ƙarshen layi ya zauna yana kallon alkamarsa tana bushewa, bai san cewa bashin wani ne ya shanye masa ruwa ba.

Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya a kan bashin gwamnati. A watan Nuwamban 2015 aka ƙaddamar da shirin Babban Bankin Nijeriya na ba ƙananan manoma bashi, a Birnin Kebbi, shirin da aka fi sani da Anko. Kuɗin da aka fitar a faɗin ƙasa ya haura Naira tiriliyan ɗaya. A farkon 2023 Asusun Ba Da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin ɗari kawai aka biya, Babban Bankin ya musanta, ya ce kashi 52 ne. Ko da mun ɗauki maganar bankin, kusan rabin kuɗin bai dawo ba a lokacin. A ƙarshen shekarar nan ta 2023 aka dakatar da karɓar sababbin buƙatu. Wa ya yi asara? Manomin kirki da ya biya nasa, da yaron da ke tasowa yanzu.

Na san abin da ke zukatanku. Za ku ce taki ya zo a makare, iri bai da kyau, an sa sunayen waɗanda ko fartanya ba su taɓa riƙewa ba, ambaliya ta ci wasu, tsutsar tumatir ta 2016 ta gama da wasu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma akwai waɗanda suka girbe lafiya, suka sayar, suka ƙara aure, suka ce ai rabonsu ne na arzikin ƙasa. To ɗan uwa, lokacin da ka dangwala hannu a takarda, kyauta aka rubuta ko bashi? Idan kana ganin akwai riba a ciki, tun farko bai kamata ka karɓa ba, kuma haramcin riba ba ya halatta maka uwar kuɗi. Manzon Allah (S) ya kira jan ƙafar mai hali wajen biya da sunan zalunci. An kawo masa gawar wani da ake bi bashi, ya ƙi yi masa salla sai da Abu Ƙatada (RA) ya ɗauki nauyin biya. Shahidi ma, da ake gafarta masa komai, an toge bashi.

Ko a duniya yanzu babu wajen ɓuya. Tun 2014 aka shigo da lambar BVN, a 2020 kuma Babban Banki ya fito da ƙa'idar da ke ba bankin da ke bin mutum damar cirar kuɗinsa daga asusun da yake da shi a wani bankin. Sunan da ka ɓata yana nan a rubuce.

Su ma masu mulki muna da magana da su. Tun 2010 aka kafa hukumar AMCON don ta karɓo basussukan da suka kusa durƙusar da bankuna, kuma hukumar da bakinta ta sha faɗin cewa mutane 'yan ƙalilan ne ke riƙe da mafi yawan tiriliyoyin da take bi. Ba manoman Bunkure ba ne. Idan za a bi mai kadada ɗaya har gida, a bar mai biliyoyi yana yawo da jiniya, idan ɗan talaka mai neman kurtun soja sai ya kawo mai tsaya masa da takardar ƙaramar hukuma, babban mutum kuwa a ce da shi ya rusuna ya wuce, to wannan ba tantancewa ba ce, zalunci ne da hatimi. Amma zaluncinsu ba zai zama mana uzuri ranar Ƙiyama ba. Kowa kabarinsa daban.

ABIN YI

Na farko, a rubuta bashi, ko tsakanin wa da ƙane ne, a sa rana, a kafa shaidu. Na biyu, idan noma ya ƙi, kada ka sauya hanyar zuwa masallaci. Je ka da ƙafarka ka sami mai bin ka, ka gaya masa halin da kake ciki, ka kai abin da ya sawwaƙa ko kwano biyar ne. Na uku, kai mai bin bashi, Allah (T) Ya umurce ka da ka saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu, in ka yafe ya fi maka alheri. Masu fitar da zakkar shinkafa da alkama su tuna cewa waɗanda bashi ya danne suna cikin kashi takwas ɗin da aka ambata.

Na huɗu, ku matasa masu cika takardun neman aikin soja, ɗan sanda, kwastan da sauransu: kada ka rage shekara, kada ka ari sakamakon jarrabawar wani, kada ka ɓoye abin da aka tambaye ka. Aikin da aka shiga da ƙarya, kullum da fargaba ake kwana a cikinsa. Ku kuma iyayenmu masu unguwanni da dagatai da limamai da ake kawo wa takarda ku tsaya wa yaro, sa hannun nan shaida ce, za a tambaye ku a kanta.

Na biyar, idan za ku zaɓi shugaba ko ma'ajin ƙungiya, ku tambaya, ba gulma ba ce. Wanda ake bi bashi yana biya, kuma bai ɓoye ba, ku ba shi, wataƙila ma ya fi kowa sanin darajar kuɗin mutane. Wanda ya shahara da taurin bashi kuwa, ko ɗan uwanku ne, ku tausaya masa ku nisanta shi da akwatin.

Lokacin da Zubairu bin Awwam (RA) ya rasu, ɗansa Abdullahi ya biya basussukansa, amma ya ƙi raba gado sai da ya shekara huɗu yana shela a lokacin aikin Hajji, cewa duk mai bin Zubairu ya zo. Su nemo masu bin su suke yi, mu kuwa ɓuya muke yi. Kowa ya koma gida yau ya zauna da iyalinsa, ya lissafa abin da ake bin sa, ya rubuta, tun kafin ranar da babu Naira babu buhu, sai dai a ɗebi ladan mutum a biya.

Allah Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya sa albarka a nomanmu, Ya tsare harsunanmu daga ƙarya, Ya sa mu cika da imani. Abin da ya sawwaƙa ke nan. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi ta'ala wa barakatuh.